Faransancin Maharazu a Kan Dutsen Sabis

In ka sauka mota a Mairuwa ka hau babur, kafin ku gama gaisawa da ɗan acaɓa kun isa wani ƙauye da ake ce wa Unguwar Mani. Ba wani babban gari ba ne: masallaci ɗaya, injin niƙa ɗaya, sai tsamiyar da maza ke zama a ƙarƙashinta. A bayan gari akwai wani baƙin dutse mai faɗin kai. Da can Dutsen Shanya ake ce masa, don a nan mata ke baza barkono da kuɓewa. Da waya ta shigo, aka gano a kansa kaɗai take kamawa, sai sunan ya koma Dutsen Sabis. To, ku gyara zama, don a kan wannan dutse ne labarin Maharazu ɗan Malam Badamasi ya kusa yankewa tun bai yi nisa ba.

Maharazu ɗan manoma ne gaba da baya. Tun yana aji huɗu a firamare shi ke karanta wa mutanen unguwa rubutun da ke jikin robar maganin feshi, ya gaya masu murfi nawa ake zubawa a ruwa. Wata rana ya juya robar, sai ya ga wani rubutu a ɗaya gefen. Haruffan dai na boko ne, amma an ɗora wa wasu 'yan huluna, wani ma har da wutsiya. Ya kai wa malaminsu, malam ya ce ai Faransanci ne, don manoman da ke ƙetaren iyaka aka rubuta.

Shi ke nan, an tsokano tsuliyar dodo. Yaro ya shiga bin gonaki yana tsintar robobi, ubansa na faɗa kan zai kwaso wa gida guba. Sai ya wanke su, ya zauna ya kwafe Turancin a hagu, Faransancin a dama, yana gwada wannan da wancan. Kafin ya gama sakandare a Faskari ya san yadda ake cewa guba, da ciyawa, da “a ajiye nesa da yara” da Faransanci, amma bai san yadda ake cewa ina kwana ba.

A sakandaren ne kuma ya haɗu da Malama Zulfa, wadda ke da kwali guda na tsofaffin littattafan labarai na Turanci. Ta lura yaron ba ya mayar da littafi sai ya zo da gardama a kansa, sai ta sakar masa kwalin. In an zauna ɓarar masara a gida, abin da ya karanta shi yake juya wa mutane da Hausa, har uwarsa Inna Adama ta riƙa tsine wa wasu Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakanta.

Da takardar jami'a ta fito, an ba shi adabin Turanci da Faransanci, Malam Badamasi ya sa aka karanta masa sau biyu. Shi likitan dabbobi ya so, ko malamin gona.

“Turancin neman aiki na san shi,” in ji shi. “Wannan na tatsuniyoyi fa?”

“Adabi ake ce ma shi, Baba.”

“To, na ji. Shi kuma ɗayan, da wa za ka yi shi? Mutanen Maraɗi da ke zuwa sayen masara da Hausa suke tayawa. Tasu ma ta fi tamu kauri.”

“Baba, ai a gona guda ake shuka dawa da wake.”

“Haka ne. Amma su duka biyun ana ci.”

Duk da haka ya sa masa albarka, don Malam Badamasi mutum ne da in ya gama faɗin tasa ba ya tare hanya.

A jami'a Maharazu ya yi fice a adabin Turanci, kuma a rubutun Faransanci ba a yi masa gyara da yawa. Inda gizo ke saƙar shi ne jarrabawar baki, wadda ake zaunar da ɗalibi gaban malamai uku a ce ya yi magana. Shi da ido ya koyi harshen, ba da kunne ba. In an yi masa tambaya sai ya ga amsar a ransa tsaf, kowane harafi da hularsa, amma harshe ya ƙi ɗagawa. Sau biyu yana shiga ɗakin nan yana fitowa da zufa. Saura dama ɗaya; in ya sake faɗuwa, shekarun da ya yi sun tafi a banza. Ana cikin haka malaman jami'a suka shiga dogon yajin aiki, aka ce kowa ya kama hanyar gida.

Gidan da ya dawo ba shi ne wanda ya bari ba. Ɓarayin daji sun matsa wa yankin, gonakin nesa duk an bar su, kowa ya dawo noma a gindin gari. A shekarar da ta gabata sun kore shanun kawunsa, babban ɗan kawun mai suna Gide ya bi sawu, aka dawo da gawarsa. Ƙanen Gide, wato Mas'ud, shi ne taubashin Maharazu, sa'ansa kuma. Da can in sun haɗu ba ka jin komai sai “kai bawana, zo ka ɗauki takalmina”, wannan ya faɗa wancan ya rama. Yanzu Mas'ud ya zama shugaban 'yan sintirin gari, ya rataya bindigar toka, dariya ta ƙaura daga fuskarsa.

Maharazu yana da aboki a ajinsu, Uwais, ɗan Jibiya wanda ya tashi a hannun kakarsa a Maraɗi. Shi Faransanci kamar ruwa a bakinsa, amma in ya buɗe littafin adabin Turanci barci ke ɗaukarsa. Sai suka yi musaya irin ta manoma, ka taya ni na taya ka. Kullum bayan la'asar Maharazu zai kira shi, ya ba shi labarin babi guda daga littafin da aka ɗora masu, amma da Faransanci. Uwais ya samu labari, Maharazu ya samu gyaran harshe.

Dabara ce mai kyau, sai dai ya yi kuskure guda. Mutanen gari in za su yi waya, gefen dutsen da ke kallon gari suke tsayawa, ƙungiya-ƙungiya, kowa na jin na kowa. Shi kuwa kunyar a ji yana in-ina ta sa ya riƙa zagayawa ɗaya gefen, wanda ke kallon daji, shi kaɗai. Ga shi Uwais ya ce masa harshen nan ba a yin sa da hannu a aljihu, don haka yana magana yana wurga hannu, ya nuna gabas ya nuna yamma. Mata masu kwashe shanya sun gan shi, masu dawowa daga gona sun gan shi. Da fari dariya ake yi, ana cewa ɗan Badamasi na kurkurar maƙogwaro.

Sai ranar wata Talata, da masara ta kai tsayin mutum, 'yan sintiri suka tafi jana'iza Daudawa. Da hantsi tsaka ɓarayi suka fito daga cikin masara, suka kwance shanun huɗa guda huɗu a gonar wani dattijo, suka yi gaba. Ba su taɓa kowa ba, amma tambaya ɗaya ta cika gari: wa ya gaya masu yau babu masu tsaro? Daga nan dariyar nan ta juye. Wa ke zuwa bayan dutse shi kaɗai? Wa ke magana da harshen da ba mai ji? Wa ke nuna gari da hannu?

Wanda bai zauna a yankinmu ba ba zai san nauyin kalmar infoma ba, wato mai kai wa ɓarayi labari. Wanda aka laƙa wa ita, in ya tsira da ransa ya gode Allah, kuma gidansu ya shiga uku: ba mai cin abincinsu, ba mai tsayawa kusa da su a sahu.

Washegari bayan azahar aka kunna lasifikar masallaci, irin yadda ake yi in za a yi sanarwar rasuwa. Muryar Mas'ud ce. Ya ce ana neman Maharazu ɗan Malam Badamasi a gindin tsamiya, ya zo da wayarsa, akwai zargi a kansa. Har matan da ke cikin gida sun ji. Inna Adama tana tankaɗe, rariya ta faɗi daga hannunta.

Gari ya taru. Mai Unguwa na kan kujerarsa, Malam Badamasi ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai. Aka karɓi waya aka duba, lamba ɗaya ce kullum, lokaci ɗaya. Aka kira. Uwais, bisa sabo, ya ɗauka da Faransanci, wurin ya ɗauki guna-guni. Da ya gane abin da ake ciki ya koma Hausa, ya yi rantsuwa ya yi bayani.

“Su ma ɓarayin da Hausa suke rantsuwa,” in ji Mas'ud.

Mai Unguwa dattijo ne mai son a rabu lafiya, kuma ya san Maharazu tun yana tsumma. Ya ce: “Yaro, ni ban ce ka yi ba, ban ce ba ka yi ba. Ga hanya biyu. Ko ka bar wayar nan a hannuna, ka ajiye yaren nan sai ƙasa ta lafa. Ko kuwa ka tafi wurin dangin ubanka a Funtuwa ka zauna. Zaɓi ɗaya, a tashi.”

Malam Badamasi ya saki numfashi, don a ganinsa an yi masu sauƙi. Sai ya ji ɗansa ya ce:

“Ranka shi daɗe, ba na ɗaukar ko ɗaya.”

“Maharazu!” in ji uban.

“Baba, ka gafarce ni. In na tafi Funtuwa, gobe a nan za a ce ya gudu, kai kuma a bar ka da sunan. In na ajiye harshen, na yarda ke nan abin da nake yi laifi ne, kuma na faɗi jarrabawa tun ban shiga ba. Ban saci akuyar kowa ba. Karatu aka tura ni, karatu nake yi. Gobe bayan la'asar zan hau dutsen nan, jibi ma haka.”

Wani daga baya ya ce, “Kai, ji ƙarfin hali!”

“Amma ga abin da na roƙa,” in ji Maharazu. “A haɗa ni da wanda ya fi kowa zargina. Kafin in kira, zan gaya ma shi da Hausa duk abin da zan faɗa. Sannan in kira, a buɗe murya kowa ya ji, in faɗa da Faransanci. Shi kuma Uwais, wanda bai ji Hausar ba, ya maido ma shi abin da ya ji. In an ga bambanci, ku yi yadda kuka ga dama da ni.”

Mai Unguwa ya dubi Mas'ud. Mas'ud ya gyara ratayar bindigarsa ya ce, “Ni zan bi shi.”

A gida Inna Adama ta yi kuka, ta ce ɗan ɗan'uwanta ne zai riƙe wa ɗanta bindiga. Malam Badamasi ya ce, “Kai dai taurin kan nan ban san inda ka gado shi ba.” Ta share hawaye ta ce, “Ni na sani.”

Ranar farko suka hau, wannan karon gefen da ke kallon gari, mutane sun yi cirko-cirko a ƙasa. Mas'ud ya zauna ya ɗora bindiga a cinya. Maharazu ya ba shi babin ranar da Hausa, labarin wata tsohuwa mai gidan saukar baƙi a bakin teku da 'ya'yanta ke so ta sayar da gidan. Sannan ya kira. Nan fa ido ya raina fata. Harshe ya sarƙe, zufa ta karyo, ya yi ta kame-kame. Da Uwais ya maido da Hausa, ko rabin labarin bai dawo ba.

“Ina sauran ya tafi?” in ji Mas'ud.

“Harshena ya cinye shi.”

“To, ka gaya ma harshen naka ya daina ci. Abin da ya ɓace tsakanin nan da can, ni ban san inda ya sauka ba.”

A ranar Maharazu ya gane wani abu. A jami'a in ya rasa kalma maki yake rasawa. A nan kuwa duk kalmar da ta faɗi a hanya tana iya zama hujja a kansa. Sai ya daina jiran kalmar da ta fi kyau. In bai san sunan abu ba ya zagaya ya kwatanta shi, in ya yi tuntuɓe ya tashi ya ci gaba. Da safe yana gona yana maimaitawa da ƙarfi, ba ɓoyo kuma. Wanda ya wuce ya yi masa kallon banza, sai ya ƙara ɗaga murya.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Mai shayi ya daina miƙa masa kofi. Wata rana aka aiko wa Inna Adama da kwanon da ta kai wa maƙwabta, tuwon na ciki ba a taɓa ba. Ta ɗauka ta ajiye gaban ɗanta ta ce, “Ci, ka samu ƙarfin yi masu yaren.”

Mas'ud kuma ba ya wasa da aikinsa. Da ya ga kamar labarin na iya zama shiri tsakanin abokan biyu, sai ya fara kawo nasa. Ya ce, “Ce ma shi jakin Mai Unguwa ya fi babur ɗin ladan sauri.” Maharazu ya faɗa, Uwais ya maido daidai, har da tambayar ko jakin na sayarwa ne. Gefen bakin Mas'ud ya motsa, ya yi maza ya murtuke. A mako na uku kuwa, da ruwan sama ya hana su hawa, shi ne ya zo ƙofar gida ya tsaya yana kallon wani wuri, ya ce, “Tsohuwar nan, ta sayar da gidan ko ba ta sayar ba?”

“Sai mun hau dutse.”

“Kai dai mugu ne.”

Ranar da ta cika kwana talatin, Maharazu ya buɗe littafi zai fara, Mas'ud ya ɗaga hannu.

“Yau ba na Turawa ba. Ni zan ba da.”

Ya ba da labarin Gide. Yadda ya fita ba karin kumallo, yadda ya ce a ajiye masa kokonsa yana dawowa. Sunayen shanun da ya bi, da wadda ya fi so, wata fara mai karyayyen ƙaho. Yadda suka same shi a bakin rafi kwana biyu bayan nan, igiyar shanu na hannunsa. Yadda kokon ya kwana biyu a rufe ba wanda ya iya zubarwa. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko uwarsu. Da ya gama ya ce, “Faɗa ma shi. Yaren da ka ce ana ji a ƙasashe da yawa, to a ji wannan a cikinsa.”

Maharazu ya kira. Bai duba littafi ba, bai nemi huluna da wutsiyoyi a ransa ba. Gide ne ya koya masa hawan keke, don haka magana ta fito da kanta. Ya yi ta tiryan-tiryan har ƙarshe. Sannan Uwais ya maido da Hausa. Komai ya dawo: kokon, farar saniyar, igiyar. Ko ɗaya bai faɗi a hanya ba. Uwais ya ƙara da cewa, “Allah shi jiƙan shi.” Mas'ud ya juya baya ya daɗe yana kallon daji. Ranar tare suka sauko, bindigar na rataye a baya.

Mako guda bayan haka rediyo ya ce an janye yajin aiki. Uwais ya kira ya ce an kafe jadawali, jarrabawar baki ranar Litinin ta sama. Mai Unguwa ya aika aka kira Maharazu cikin zaurensa, su biyu kawai, ya ce, “Magana ta wuce. Mas'ud ya ce bai ga komai ba. Ka tafi makarantarka, Allah shi ba da sa'a.”

“Na gode, ranka shi daɗe. Amma da lasifika aka kira ni.”

“To?”

“Da lasifika za a sallame ni. Matan da suka ji an kira ni suna cikin gida, ba su san abin da aka faɗa a zaure ba. In na ɗauki jaka yau, su a wurinsu na gudu.”

Mai Unguwa ya ce shi ba zai tilasta wa shugaban 'yan sintiri ya tsaya gaban gari ya ce ya yi kuskure ba, don gobe in ya ce a fito ba mai fitowa. Mas'ud ma da aka kai masa maganar ya ce ya riga ya faɗi tasa, ba zai ƙara ba.

To, Maharazu ya haɗa jakarsa ranar Alhamis, amma bai tafi ba. Kowace azahar sai ya ɗauko ta ya ajiye a ƙofar masallaci, ya yi salla, ya fito ya zauna kusa da ita har kowa ya watse, sannan ya mayar da ita gida. Juma'a haka, Asabar haka. Uwais na ta aiko saƙo. Malam Badamasi ya zaunar da shi ya ce:

“Shekara nawa kana wahalar nan, za ka zubar don magana ɗaya?”

“Baba, takardar ni kaɗai zan riƙe ta. Sunan kuwa da ni da kai da Inna muke amsa shi. In na samo takarda na dawo garin da ake maido mana da tuwo, me na samo?”

Ranar Lahadi da azahar, da aka idar da salla, mutane suka ga Malam Badamasi, wanda bai taɓa jayayya da kowa ba, ya fito ya zauna a ƙasa kusa da jakar ɗansa. In motar yamma ta tashi daga Mairuwa ba Maharazu a ciki, shi ke nan. Kowa ya san haka, don haka ba wanda ya tafi gida.

Mas'ud na cikin masallaci, shi kaɗai ya rage. Can sai aka ji lasifika ta yi ƙara, an hura ta sau biyu.

“Salamu alaikum. Mas'ud ne. Ni na kira Maharazu a nan, kowa ya ji. Kwana talatin da bakwai ina bin shi da bindiga. Ban ji komai ba sai labarin wata tsohuwa mai taurin kai irin nashi, da kurkurar maƙogwaro. Zargin da na yi ma shi ba gaskiya ba ne. Kawu Badamasi, Gwaggo Adama, ku yafe mani. Wanda ya sake kiran shi da sunan nan, da ni yake.” Har an yi zaton ya gama. Sai ya ƙara: “Kai kuma bawana, ɗauko jakarka, mota ba ta jiran ɗan Faransa.”

Shi ya goya shi a babur har Mairuwa. Suna tafe suna musu kan wane ne bawan wani, suka iske mota saura mutum ɗaya.

Washegari Maharazu ya zauna gaban malaman nan uku. Ya ce da ya dube su ya ga ba wanda ya ɗora bindiga a cinya, sai ya ji kamar hira ce a gindin tsamiya. Suka ce ya ba su labarin yadda ya yi hutunsa. Ya ba su, har lokaci ya cika ba wanda ya duba agogo.

Yanzu yana koyarwa a wata sakandare a nan yankin, Turanci da safe, Faransanci bayan tara, don shi kaɗai ne mai yin sa a makarantar. Ranar farko ta kowane sabon aji, robar maganin feshi yake shiga da ita, wankakkiya tas, ya ce a juya ta. Wanda ya kai wa ɓarayi labarin shanun nan har yau ba a san shi ba, kuma akwai mutum biyu ko uku a Unguwar Mani da har gobe in ya wuce sai sun bi shi da ido. Ya san su sarai. In ya zo hutu, su yake fara tsayawa ya gaisar, da Hausa, da Turanci, da Faransanci, a tsakiyar hanya, da murya sama, kuma ba ya matsawa sai sun amsa ɗaya daga ciki.